Kwalekwalen da Ba Ya Son Dawowa Gida

Kalmomi biyu ne na tsana tun ina saurayi, su ne "haka kawai". In mutum ya ce mini abu ya faru haka kawai, to ɗayan biyu ne: ko dai ƙiwa ta hana shi dubawa, ko kuwa ya duba ya ga abin da ba ya son faɗi. Shekara arba'in da ɗoriya ina ɗinka kwalekwale a tsibirinmu na Nonouti, ban taɓa ganin katakon da ya tsage haka kawai ba. Ko akwai ƙulli a cikinsa, ko an huda shi dab da baki, ko mai gizago ya tuna da abincin rana. Matata Tabera kuwa da waɗannan kalmomi take karyawa, da su take yini. Me ya sa kazar nan ta daina ƙwai? Haka kawai. Me ya sa kika sa gishiri sau biyu? Haka kawai. Shekararmu talatin da takwas muna wannan gardama, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

'Ya'yanmu biyu ne, duka mata, kuma a shekara ɗaya suka yi aure. Rakera, babbar, ta auri Karotu, ɗan ƙauyenmu, mai baki kamar rediyo, wanda na san ubansa na san kakansa. Teraoi, autar, ta auri Etekia, mutumin tsibirin Beru. Daga jirgin da ke zuwa ɗaukar busasshiyar kwakwa ya sauko, ya ga yarinyar, ya bar jirgin ya tafi ba shi. Ba shi da ko bishiyar kwakwa ɗaya a ƙasarmu, ba shi da ramin gwaza, ba shi kuma da yawan magana.

Mai sana'ata ba ya aurar da 'ya ya bar surukinsa yana aron kwalekwale. Tunda surukai biyu ne, kwalekwale biyu ke nan, na kuwa ɗauki alkawari a raina cewa za su fito kamar tagwaye. A shekarar teku ta jefo mana wani ƙaton gungume, daga jikinsa na fitar da katakon duka biyun. Ƙashin bayansu na jera gefe da gefe na yanke da zarto ɗaya, gaba huɗu-huɗu. Igiyar ɗinkin duka Tabera ce ta murza a cinyarta. Na gama na Karotu, bayan wata guda na kama na Etekia. Rana ɗaya na miƙa musu a gaban jama'a, na ce duk wanda ya iya bambanta su ya zo in ba shi alade. Ba wanda ya ci aladen.

Sai ga abin da ya biyo baya. Da safe su biyun za su fita tare, su ƙetare tafki tare, su isa wurin kamun kifi tare. Da rana ta take, su ɗago tare. Amma Karotu zai iso gida matarsa ta dafa kifi an ci an wanke hannu, sannan a hango tabarmar iskar Etekia, wadda iska ke bugawa ta tura kwalekwale, can nesa tana tafe kamar mai ciwon ƙafa. Kifinsa ya sha rana ya yi laushi. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Kullum.

Ƙauye kuwa ba ya kwana da abu ba dalili. Mata a bakin rijiya suka ce yana ratsewa ƙaramin tsibirin da ke bakin mashiga ya sha bammi. Da aka shinshina ba a ji bammi ba, sai suka ce to mace ce. Maza a maneaba, zauren taronmu, suka ce mutanen Beru ba su iya iskar la'asar ba. Karotu kuma ba ya barin abu ya wuce shi.

"Ƙanena," in ji shi, a gaban kowa, "gobe ka ba ni kifinka in kawo maka gida. Kai ka biyo baya a hankali, kada ka gaji."

Etekia ya sunkuyar da kai yana kwance ƙugiya. Ni na lura da abu guda: dalilai sun yi yawa, kuma ba ko ɗaya da wani ya tashi ya je ya duba. Amma ni ma ban duba ba. Na ɗauka hannunsa ne, na ce zai koya.

Wata huɗu ana haka. Wata Talata da hantsi ina wasa gizago a rumfar aikina, Teraoi ta shigo, cikinta wata biyar, ta tsaya a kaina ba ta ko zauna ba.

"Baba, jirgin kwakwa zai zo Alhamis ta sama. Za mu bi shi."

"Ku bi shi ina?"

"Beru. Can ba mai auna inuwa ya ce mijina yana neman mata."

"Shi ya aiko ki?"

"Shi? In ka ji bakinsa, to atishawa ya yi. Ni na kawo kaina. Kuma ni ce nake cewa ka ba Karotu na kirki, ka ba shi na banza, don kunya ta ishe shi ya bar maka tsibirinka."

Da ɗa namiji ne ya faɗa mini haka, da ya fita da gudu. Na ajiye gizago. Beru ba nan kusa ba ce. Wanda jirgi ya kai can sai dai saƙo, abin da ke cikinta kuma sai in mutu ban ɗauke shi ba.

"Iri ɗaya ne," na ce. "Komai nasu ɗaya ne."

"To in komai nasu ɗaya ne, Baba, me ya sa ba sa dawowa tare?"

Ta fita ta bar ni da tambayar. Abin haushi, tambayata ce, daga bakina ta koye ta. In abu biyu sun zama ɗaya a komai, dole su yi ɗaya a komai. In sun rabu a dawowa, to akwai inda suka rabu tun kafin dawowa, ko a itace, ko a tabarma, ko a mutum. Wannan ba sai an je makaranta ba. Kwana tara ke gare ni in gano wurin.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na sa aka musanya tabarmar iska, ta Karotu ta koma kan na Etekia. Suka fita, suka dawo yadda suka saba. Washegari na sa aka kife su a kan yashi, na bi cikinsu da tafin hannu daga baki zuwa baki, ido a rufe, ina neman tudu ko kwari. Sumul suke. Na kwance gungumen gefe na kowanne, wanda ke hana kwalekwale kifewa, na rataye su a kan sanda ɗaya, wannan nan wancan can. Sandar ba ta rinjaya ba.

Saura mutanen. A wurinmu ba a shiga kwalekwalen wani a kama masa filafilin tuƙi, sai dai in ɗan'uwa ne ciki ɗaya. Na kira su biyun na ce gobe su musanya.

Karotu ya washe baki. "Baba, in na shiga nasa ya tashi sama fa? Ka ga an gama magana, ba itace ba ne, hannu ne."

"Abin da nake so in sani ke nan."

"To ƙanena, ka riƙe mini nawa da kyau. Ba ya son a yi barci a cikinsa."

Ranar Asabar na zauna a bakin ruwa tun rana na tsaka. Tabarma ta farko da ta ɓullo ta taho kamar tsuntsu, da ta matso sai ga Etekia a ciki. Ya ja kwalekwalen kan yashi, ya feɗe kifinsa, ya zo ya zauna nesa da ni kaɗan. Teraoi ta ɗauki kwandon kifin, maimakon ta bi hanyar gida sai ta zaga ta bakin rijiya, tana tafiya a hankali don kowa ya ƙoshi da kallo.

Sai da inuwar kwakwa ta taɓa ruwa sannan Karotu ya iso. Ya wurgar da filafili a kan yashi, yana riƙe da kafaɗa.

"Wannan ba kwalekwale ba ne, alade ne! Kana jan shi gida, shi yana ja daji! Zuwa lafiya lau, Baba, har ina waƙa. Amma dawowa? Kafaɗata ta tashi aiki." Ya juya ya dubi Etekia, ya ce, "Kai kuma kullum haka kake yi ka dawo ka iya ɗaga hannu ka ci abinci?"

To, an wanke Etekia. Amma dalili bai ɓace ba, gida ya canza, ya dawo kaina. Kafin Lahadi ta fita, bakin rijiya ya gama yanke hukunci: tsoho ya tofa wa kwalekwalen wata magana irin ta mutanen da, don kada ya so hanyar gida. Teraoi ba ta ce haka ba, amma ta ci gaba da ɗaure tabarminta.

"Ka bar wahalar da kanka," in ji Tabera. "Itace ma yana da halinsa. Wani ya fito haka, wani ya fito haka. Haka kawai."

"Gungume ɗaya ne, tsohuwa!"

"Rakera da Teraoi ma ciki ɗaya ne."

Na fice na bar ta. Ba don ta yi gaskiya ba, don dai ban shirya ba.

Bayan an tashi daga coci na tare Nabuti, mai wa'azinmu. Sa'ana ne, tare muka yi wasan ƙasa, shi ya sa yake faɗa mini abin da wani ba zai faɗa ba.

"Burentau, ka tsufa kana tambaya kamar ɗan yaye. Allah ne ya so."

"Ban musa ba. Amma in ya so ruwan sama, ai gajimare yake turowa. Wannan da me ya so shi?"

"To ka samo gajimaren naka. Sai ka ce wa ya turo gajimare, a ce iska. Wa ya turo iska? A ina za ka tsaya? Kana da abinci a gida, ka je ka ci."

Na nuna masa wani tsohon kwalekwale da ke ɗaure a tsakiyar tafki. "Ka ga wancan? Na san igiyarsa, ƙulle-ƙulle ce, guntu riƙe da guntu. Daga nan ba ka ganin ƙarshenta. Amma ruwa yana ja, shi kuma bai tafi ba, saboda haka na san can ƙasa akwai dutse. Da guntu ne riƙe da guntu har abada ba dutse, da tuni ruwa ya kai shi babban birni, Tarawa."

"Dutsen kuma me ya riƙe shi?"

"Ba ya bukatar a riƙe shi, shi ya sa yake dutse. Wannan sashenka ne, kai ake kai wa kifi don ka yi maganarsa. Ni guntun da ke hannuna nake bi."

Nabuti ya yi dariya har da tari. "Bi mana. Ina dai jiye maka kada ka iske ƙarshenta ɗaure a ƙafarka."

Mai ɗinki ba ya shiga kwalekwalen da ya riga ya miƙa. Dalilin wannan na san shi: kada a ce ya zo koya wa mai shi tuƙi a gaban mutane. Ranar Litinin na taka wannan ƙa'ida da ƙafata. Na ce wa Etekia ya matsa, ni zan kama filafili.

Kwalekwalenmu ba shi da gaba ba shi da baya. Gungumen gefe dole ya kasance ta wajen iska, saboda haka in za ka koma gida ba juya shi kake yi ba, ƙafar tabarma kake cirewa daga wannan baki ka kai wancan, baya ya zama gaba. Da muka fita, na rantse ban taɓa ɗinka abin da ya fi shi daɗin hannu ba. Da yatsa biyu nake riƙe da filafili. Muka wuce mashiga, na ce a sauya. Etekia ya ɗauke ƙafar tabarma ya kai ɗaya bakin. Iska ta cika ta.

Nan take kwalekwalen ya karkata kai yana neman shiga cikin iska. Na danna filafili, ya dawo, ya sake karkata. Na danna da hannu biyu. Ruwa yana tafasa a jikin filafilin, duk gudun da iska ta ba mu a nan yake mutuwa. Kafin mu kai rabin tafki gumi ya wanke ni.

"Tun yaushe yake yin haka?"

"Tun ranar farko, Baba."

"Wata huɗu! Wata huɗu kana kokawa da shi ba ka buɗe baki ba? Bakin naka na ado ne?"

"Kyauta ce, Baba. A Beru ba a kai ƙarar kyauta wurin mai ita."

"A Nonouti ma haka ne. Shi ya sa wawaye suka yi yawa a tsibiran biyu."

Ran nan na fara jin dariyarsa. Ya karɓi filafilin, na ga yadda yake tokare shi da gwiwa, dabarar da ya koya wa kansa shi kaɗai a tsakiyar ruwa, mutane na can suna cewa yana wurin mace.

Yanzu na san abu ɗaya. Ba gida kwalekwalen ya ƙi ba. Baki ɗaya ne ba ya son ya shige gaba, kuma da iskarmu ta gabas, wannan bakin shi ne na dawowa. Ke nan bakunan biyu ba ɗaya ba ne. Ke nan tsakiyarsa ba ta tsakiya.

Ga yadda muke neman tsakiya. Ana yanko ɗanyen ganyen kwakwa, a tsaga, a ƙuƙƙulla tsagin har ya kai tsawon ƙashin baya. A shimfiɗa a yanke daidai. A ninka biyu, wurin ninkin shi ne tsakiya. A raba a nan, rabi guda ya zama ma'auni, a yi masa ƙulle-ƙulle. Daga wannan tsakiya komai yake tashi: inda ciki ya fi zurfi, inda sandar tabarma take tsayawa, inda ake ɗaure gungume.

Muna sauka na yanko ɗanyen ganye na yi yadda aka saba. Na ninka, na ɗora. Tsakiyar da na yi wa kwalekwalen Etekia ta gota daga tsakiyar gaskiya da yatsa huɗu. Na sake da wani ganyen. Yatsa huɗu. Na je na Karotu na gwada, daidai, ko gashi bai gota ba.

Na zauna a kan yashi ina kallon yatsun nan huɗu. Murna ta fara zo mini, ba zan ɓoye ba, irin murnar da ke zuwa in ƙugiya ta kama. Sai kuma ta wuce. Ta yaya? Ai da ma'auni ɗaya na auna su. Ma'auni ɗaya tak, wanda na yi wa na Karotu, shi na adana, shi na ɗora daga baki a kan na Etekia, na zana tsakiya, ban ko waiwayi ɗaya bakin ba, don na san tsawonsu ɗaya ne.

Na tashi na nufi rumfar aiki. Yana nan inda na soke shi a jinka, ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Na sauko da shi a hankali, na kai kan kwalekwalen Karotu, wanda a jikinsa aka haife shi, na ɗora daga baki zuwa tsakiya. Bai kai ba. Yanzu ma har yatsa shida ya rage.

Ganye ne. Ganye yana bushewa, in ya bushe yana tsukewa. Duk macen da ta taɓa saƙa tabarma ta san wannan. Wata guda ya yi a jinka tsakanin kwalekwale na farko da na biyu.

Ubana, wanda ya koya mini sana'a, ranar da ya auna ƙashin baya ranar yake jefa tsagin a wuta. Na tambaye shi dalili sau ɗaya, ya ce, "Ƙona shi, na ce." Ban sake tambaya ba. Na ci gaba da ƙonawa shekara arba'in, amma a raina na ajiye abin a cikin tarkacen mutanen da, tare da tofe-tofe da kauce wa inuwar mace. Ni da nake zagin masu cewa haka kawai, ashe na daɗe ina cewa ubana haka kawai yake ƙona ganye. Na kuwa ƙona sau ɗari ba amfanin da na gani, ranar da na ƙi ƙonawa sau ɗaya ranar na ga amfaninsa.

Talata da rana na tara su a rumfa, Teraoi da mijinta, Tabera na gefe tana murza igiya. Na ajiye ɗanyen tsagi da busasshe gefe da gefe, na bayyana musu komai. Etekia ya ɗauki busasshen yana juya shi, idonsa na ƙyalli, ya tambaye ni ko ganyen da aka yanka da damina ma haka yake tsukewa. Na ɗauka an gama. Teraoi ba ta gama ba.

"Na ji, Baba. Ganye ya bushe. To me ya sa ka ajiye shi? Kai da kullum kake ƙonawa?"

"Don su fito daidai."

"In ka yanki sabo ba za su fito daidai ba?"

"Za su fito."

"To me ya sa?"

Tabera ta daina murza igiya. Ƙofa a buɗe take, kalmomi biyun nan suna tsaye a bakinta suna jirana. Da na faɗe su, da ba mai kama ni. Na tuna da Nabuti da dariyarsa mai tari.

"Don ban yarda da hannuna ba," na ce. "Hannu yana bin zuciya, tawa kuma ta karkata. Karotu na san kakansa. Wannan daga jirgi ya sauko, ba ƙasa ba dangi, ya ɗauki autata, kuma kullum ina ganin wata rana jirgin da ya kawo shi zai tafi da ita. Ban so shi ba. Na ji tsoron kada rashin son ya sauka a gizago ban sani ba. Sai na ce bari in cire hannuna a ciki, in bar ma'aunin Karotu ya yi masa hukunci. Kin ce zuciyata ce ta ɓata masa kwalekwale. Ita ce. Ba ta hanyar da kika zata ba, amma ita ce."

Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a gaban suruki ba, kuma ba na fatan in sake. Teraoi ta juya. Ta dubi mijinta. Shi kuma har yanzu busasshen ganyen yake kallo.

"Baba," ya ce, "yana gyaruwa?"

"Sai an kwance ɗinkin kaf, an sake fafe katako shida, an mai da komai kan tsakiya."

"Kwana nawa?"

"Arba'in, in akwai mai riƙe mini katako. In ni kaɗai ne, sai yadda hali ya yi."

"Jirgi jibi ne," in ji Teraoi.

"Na sani," ya ce. Ya ajiye ganyen. Sai ya ce, "Wata huɗu ina tunanin me ke damun abin nan. In na tafi ban ga ya miƙe ba, har in mutu zan riƙa jin sa a kafaɗata." Ya miƙo hannu. "Ba ni wuƙar, Baba."

Shi ya yanke ɗinkin farko.

Ranar Alhamis jirgin ya zo ya kwashi kwakwa. Muna jin ƙahonsa daga rumfa, katako a warwatse tsakaninmu, ba wanda ya ɗaga kai. Teraoi ta kwance tabarminta, amma sai da ta yi mako guda ba ta ce mini komai ba bayan gaisuwa, kuma ban ga laifinta ba. Da muka zo awo, Etekia na tura ya hau ya yanko ganye. Shi ya ninka, shi ya zana, na sa ya auna daga baki biyu. Da ya gama na nuna masa wuta, kuma na faɗa masa dalili. Karotu ya zo ya riƙe katako kwana uku, yana cewa shi dai kada a gyara ya wuce nasa.

Abu ɗaya ya rage da ya hana ni sakat. Da na ɗora busasshen ma'aunin daga ɗaya bakin, da tsakiyar ta gota ta can. Da wajen fita kwalekwalen zai yi gardama, wajen dawowa ya taho tare da na Karotu, ba mai gani daga tudu, ba bakin rijiya, ba jirgi, kuma da har yau ban san me ya sa ubana yake ƙona ganye ba. Baki biyu ne, iri ɗaya. Me ya sa na fara daga wannan ban fara daga wancan ba? Na juya abin kwana da kwanaki. Ba inuwa ba ce, rumfa duk inuwa ce. Ba wurin ajiye gizago ba ne. Daga ƙarshe na faɗa wa Tabera, ina jiran ta jefe ni da kalmominta.

Ba ta ko ɗago ba, tana murza igiya. "Ta nan nake zaune," ta ce. "Kullum daga bakin da nake zaune kake fara awo. Shekara talatin da takwas. Ba ka lura ba?"

Na dubi inda take, na dubi bakin ƙashin bayan. Na yi ƙoƙarin tuno kwalekwale ɗaya da na fara aunawa daga wancan gefen, na rasa.

"Ke kuma me ya sa kike zama ta nan?"

Ta lashi tafin hannunta, ta ɗora sabon zare a cinya.

"Haka kawai," ta ce.

Ƙarya take yi. Akwai dalili, kuma zan gano shi.